Muhawara: An ba gwanin kod jagorancin tawaga, sai aiki ya fara ja da baya

Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ke yawan faruwa a ƙananan kamfanonin manhaja, ina so masana su warware mana shi. Tawaga ce ta injiniyoyi shida. Wanda ya fi kowa hannu a kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, shi aka ɗaga, aka ce ya zama jagoran fasaha. Kafin wata uku, aikin da ake gamawa a mako biyu ya koma mako uku, PR, wato sabon kod da injiniya ya miƙa a duba kafin a haɗa shi da na kowa, na yin kwana huɗu ba a duba ba, shi kuma jagoran ba ya samun barci. Zaɓen ne bai yi ba, ko kuwa akwai kayan da ya kamata a sauke masa tun ranar farko?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam. Ba lallai zaɓen ne ya ɓaci ba, lissafin lokaci ne ba a yi ba. Ka ɗauki awa 40 na mako. Zama da kowane ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin nan, minti 30 kowanne, awa biyu da rabi ke nan. Duba kod ɗin jama'a, awa ɗaya da rabi kullum, awa bakwai da rabi. Mitin na tsara aiki da na bita, ka ce awa huɗu. Magana da masu kula da kasuwanci da abokan ciniki, awa uku. Rubuta takardar tsari da karanta ta wasu, awa huɗu. Warware wa wanda ya maƙale, awa biyar. An tashi 26. Saura 14, kuma ba a dunƙule suke ba, guntu-guntu ne tsakanin mitin da mitin.

To mutumin da a da yake da awa 30 ko fiye na rubuta kod, yanzu 14 gare shi a warwatse, amma ba wanda ya rage masa rabonsa a jadawalin aiki. Shi ma bai rage wa kansa ba, don yana ganin abin kunya ne. Mafi muni, ɓangaren da ya fi wuya shi yake ɗauka, tunda shi ya fi iyawa, kuma wannan ɓangaren ne sauran suke jira. Sai ya zama mutum biyar suna zaune suna jiran wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci.

Nafisa:
Abin da Malam Bashir ya faɗa a ƙarshe shi ne ainihin cutar. Dokar da ta fi aiki: jagora kada ya ɗauki duk wani aikin da wani zai tsaya jiransa. Ya rubuta kod, amma irin wanda in ya makara kwana uku ba wanda zai ji a jikinsa. Gyaran gwaje-gwajen da ke faɗuwa haka kawai, rage lokacin da CI, wato na'urar da ke gwada sabon kod da kanta, ke ɗauka, ƙananan kurakuran da suka daɗe a jerin jira, gwajin wata dabara kafin a yanke shawara a kanta. Babban aikin kuma ya miƙa wa wanda ke biye da shi a ƙwarewa, ya zauna kusa.

Umar Zariya:
Anti Nafisa, ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Jagoran da ya koma share-share a gefen kod, cikin shekara guda ba zai san inda tsarin ke ciwo ba. Injiniyoyi kuma suna gane wanda hannunsa ya yi sanyi. Ranar da ya ce musu wannan aikin na kwana biyu ne, su kuma sun san na kwana goma ne, daga ranar maganarsa ta rage nauyi.

Nafisa:
Ai ban ce ya bar kod ba, Umar. Wanda yake karanta kowane PR mai muhimmanci, yake shiga layin kol, wato jiran kira in tsarin ya lalace, kamar kowa, yake zama da injiniya suna rubutu tare awa biyu a mako, ya fi sanin tsarin a kan wanda ya rufe kansa da ɓangare ɗaya. Kuma tun farko bai kamata shi ne mai cewa aiki na kwana biyu ne ba. Wanda zai yi aikin shi ke ƙiyasta lokaci. Aikin jagora ya tambaya: ka sa lokacin gwaji a ciki? Ka sa sauya fasalin rumbun bayanai? In an saki abin ya ƙi, ta yaya za a koma baya?

Alhaji Tijjani:
Ku duka kuna da gaskiya, amma kun tsallake wani abu. Sadiq bai gaya mana wane irin muƙami aka ba mutumin ba, kuma ina zargin su ma masu kamfanin ba su sani ba. Jagoran fasaha daban, manajan injiniyoyi daban. Na farko shi ke da alhakin yadda za a gina abu: tsari, inganci, wane rumbun bayanai, me za a fara, me za a jinkirta. Na biyu shi ke da alhakin mutane: ɗaukar aiki, albashi, ƙarin girma, hutu, wanda ba ya ƙoƙari. A ƙaramin kamfani sukan ɗora wa mutum ɗaya duka biyun, su kira shi da suna ɗaya, su ƙara masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abu na farko da sabon jagora zai yi shi ne ya zauna da wanda ya naɗa shi, a rubuta shafi ɗaya. Waɗanne shawarwari ne nasa shi kaɗai. Waɗanne ne sai ya tuntuɓa. Wa ke tantance ƙoƙarin ma'aikata a ƙarshen shekara. Da me za a auna shi bayan wata shida. In amsar ta ƙarshe ita ce yawan kod ɗin da ya rubuta, to ba a ba shi jagoranci ba, an ƙara masa mitin ne kawai.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Tun 1969 marubuci Laurence Peter ya bayyana yadda ake ta ɗaga mutum saboda ƙwarewarsa a aikin da yake yi, har a kai shi inda ƙwarewar ba ta da amfani.

Sadiq:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. To batun PR da ke kwana huɗu fa? Don shi ne ya fi kashe wa yara gwiwa.

Hajiya Maryam:
Wannan yana da magani, kuma ba ya cin kuɗi. Da farko a cire dokar cewa sai jagora ya sa hannu a kowane PR. A raba kod ɗin gida-gida, kowane ɓangare mutum biyu ne suka san shi, ɗaya ya rubuta ɗayan ya duba. GitHub da GitLab, dandalin da ake ajiye kod, duka suna da fayil ɗin CODEOWNERS da ke nuna wa ke da alhakin duba kowane ɓangare. Jagora ya riƙe wa kansa abubuwa kaɗan: duk abin da ya taɓa kuɗi, shiga da izini, da sauya fasalin rumbun bayanai.

Sai girman PR. Binciken da aka yi a kamfanin Cisco ya nuna mai dubawa ya fi kama kuskure in layukan ba su wuce 200 zuwa 400 ba, kuma bayan kamar awa ɗaya idonsa ya fara gajiya. PR mai layi 1,500 ba duba shi ake yi ba, gungurawa ake yi a danna amincewa. Shi ya sa yake kwana huɗu, kowa na gudunsa. A sa ƙa'ida: in ya wuce 400 a raba shi, kuma amsar farko ta zo cikin yini ɗaya na aiki, ko da amsar ita ce sai gobe da safe zan duba.

Na uku, duk abin da na'ura za ta iya kamawa kada mutum ya ɓata bakinsa a kai. Tazarar layi, jerin shigo da laburare, sunan da bai bi tsari ba, a bar wa manhajojin duba tsarin kod irin su Prettier ko ESLint a cikin CI.

Abdulrazaƙ Maraɗi:
Hajiya, wannan na ƙarshen yana da wani amfani a wajenmu da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa jagoran ɗan shekara 28 ne, a tawagar kuma akwai wanda ya girme shi da shekara goma sha biyar. Mu kuma an raine mu a kan ba a gyara wa babba magana a gaban jama'a. Sai yaron ya ga kuskure ya yi shiru, ko ya bari dare ya yi ya gyara da kansa a ɓoye, wanda shi ma wani nauyin ne ya ƙara wa kansa. In na'ura ce ta ƙi karɓar kod ɗin, ba wanda aka ci wa fuska.

Abin da na'ura ba ta kamawa kuma, a rubuta ƙa'idojin tawaga tare, kowa ya sa baki, babban ma ya sa nasa. Ranar da za a yi gyara sai a nuna ƙa'idar da aka amince da ita. A kuma riƙa bambanta sharhi: wannan dole ne kafin a haɗa, wannan shawara ce kawai, wannan tambaya ce. Sharhin da ya ce "in buƙatu biyu suka shigo a daƙiƙa ɗaya, me zai hana a cire kuɗin sau biyu?" ya fi "wannan ba daidai ba ne" shiga, kuma ya fi koyarwa. In abin ya kai ga sai an sake rubuta aikin mako guda, wannan ba maganar rubutu ba ce, a kira mutum gefe.

Malam Bashir:
Haka yake, kuma kunyar ta ɓangare biyu ce. Ƙananan ma ba sa magana a mitin in jagora ya riga ya faɗi ra'ayinsa. Maganinta takardar tsari. Duk aikin da zai wuce mako biyu, mai aikin ya rubuta shafi biyu zuwa huɗu kafin ya taɓa kod: mece ce matsalar, me ba za mu yi ba a wannan karon, hanyoyi biyu ko uku da aka duba da dalilin barin kowace, me zai iya lalacewa, yadda za a saki abin da yadda za a janye shi. A ba mutane kwana biyu su yi sharhi a rubuce. Wanda ba ya iya ɗaga murya a ɗaki yakan iya rubutawa. Jagora ya yi nasa sharhin a ƙarshe.

A Amazon har yau ana fara wasu mitin da karatun takarda mai shafi shida a cikin shiru kafin kowa ya buɗe baki. Tawagar mutum shida ba ta buƙatar shafi shida, amma minti goma na karatu a farkon zama yana hana a yi muhawara a kan abin da rabin ɗakin bai karanta ba.

Umar Zariya:
Ina tsoron kada takardu su yi yawa aiki ya tsaya. Mutum shida ne fa.

Malam Bashir:
Shi ya sa aka ce aikin da ya wuce mako biyu. Ka raba shawara gida biyu: wadda in ba ta yi ba za a juya cikin yini guda, da wadda juyawarta sai an sha wuya. Launin maɓalli ko sunan wani aiki a cikin kod, duk wanda ke kai ya yanke ya wuce. Zaɓen rumbun bayanai, fasalin API, wato ƙofar da wasu manhajoji ke magana da tamu, da abokan ciniki za su jingina da shi, yadda ake adana bayanan mutane, waɗannan su ne na takarda. Na ƙarshen nan ma a Najeriya akwai dokar kare bayanai ta 2023 a kansa, ba ra'ayin injiniya ba ne kawai.

Nafisa:
Bari in dawo kan rashin barcin, don Sadiq ya ambata ba a taɓa shi ba. Jagoran da ba ya barci, kusan kullum shi kaɗai ke da mabuɗin saba, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, shi kaɗai ya san yadda ake sakin sabon kod. Wannan ba ƙwazo ba ne, hatsari ne. A tsara kol mako-mako, mutum ɗaya na gaba, ɗaya na bayansa. Google a tsarinsu na kula da saba suna neman aƙalla mutum takwas a layin kol in tawagar a wuri ɗaya take. Mutum shida ba su kai ba, don haka a rage abin da ke tayar da mutum da dare: ƙararrawa ta buga ne kawai in abokin ciniki yana ji a jikinsa, kamar biyan kuɗi ya tsaya ko shafi ya ƙi buɗewa. Faifai ya kai kashi 70 cikin ɗari, wannan saƙon safe ne.

Kowace ƙararrawa ta zo da takardar matakai: duba nan, in ka ga kaza yi kaza, in bai yi ba cikin minti 15 kira na bayanka. Kuma kamfani ya san cewa mai kol a Kano ko Kaduna yana buƙatar inbata ko babban fawa bank da layin data biyu na kamfanoni daban-daban. In ba a biya wannan ba, an rubuta jadawali ne kawai.

A kuma daina yi wa abokin ciniki alkawarin abin da ba a lissafa ba. Alkawarin cewa tsarin zai kasance yana aiki kashi 99.9 na lokaci na nufin kusan minti 43 na tsayawa a wata. Kashi 99.99 kuwa minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Wanda sai ya farka, ya kunna kwamfuta, ya jira intanet, ya riga ya cinye minti huɗun.

Alhaji Tijjani:
A kan sakin kod da hannu, ku karanta abin da ya sami Knight Capital, wani kamfanin cinikin hannun jari a Amurka, ranar 1 ga Agusta 2012. Saba takwas gare su, aka ɗora sabon kod a kan bakwai, aka manta ɗaya, kuma ba wani mutum na biyu da ya duba. Sabon kod ɗin ya sake amfani da wata tsohuwar alama, ita kuma a sabar ta takwas ta tayar da wani tsohon kod da aka daina amfani da shi shekaru amma ba a goge ba. Cikin minti 45 suka yi asarar sama da dala miliyan 400. Da suna neman gyara, sai suka janye sabon kod daga bakwai ɗin da ke lafiya, abin ya ƙara ta'azzara. Duba abubuwan da suka haɗu: mataccen kod da ba a share ba, saki da hannu, ba mai dubawa, ba rubutaccen matakin janyewa. Ba ɗaya a ciki da gwanintar rubuta kod ke magancewa. Duka aikin jagora ne.

GitLab ma a ƙarshen Janairun 2017 injiniya ya goge bayanai a babban rumbu yana zaton rumbu na biyu ne, na ko-ta-kwana. Da aka je ɗauko kwafin ajiya, aka tarar hanyoyin da suka dogara da su ba sa aiki yadda ake zato, sai wani kwafi na awa shida baya ya cece su. Tambayar da jagora zai yi ba ita ce muna da kwafin ajiya ba, ita ce yaushe rabon da mu dawo da shi a wata saba mu ga ya tashi. A sa wannan gwajin a kalanda, ko sau ɗaya a wata uku, kuma kowane karo mutum daban ya yi.

Hajiya Maryam:
Kuma bayan kowace matsala a rubuta rahoto ba tare da neman mai laifi ba: ƙarfe nawa ta fara, ƙarfe nawa aka gane, me aka gwada, me ya sa tsarin ya bar kuskuren ya wuce, gyara uku ko huɗu kowanne da sunan mai yi da rana. Ranar da aka tsawata wa wanda ya goge abu a gaban jama'a, daga ranar kowa zai riƙa ɓoye nasa.

Sadiq:
Masu kamfanin kan ce a ƙaro injiniyoyi uku aiki ya yi sauri. Wannan fa?

Malam Bashir:
Fred Brooks, wanda ya jagoranci gina babbar manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya amsa wannan tun 1975: ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Mutum shida, hanyoyin magana tsakaninsu 15 ne. Mutum tara, 36. Sababbin kuma wa zai koya musu tsarin? Jagoran nan da ba shi da lokaci. A ɗauki mutane, amma don zango na gaba. Na yanzu kuwa, a rage abin da za a saka a ciki ko a matsar da wa'adi, kuma jagora ya kai wa masu kamfani zaɓi a rubuce: in kuna son ranar, ga abu uku da za su fita, in kuna son komai, ga sabuwar rana.

Umar Zariya:
To a bar maganar kamfani, a zo kan mutumin. Wanda ba ya son mitin da shari'ar hutu da albashi, iyakarsa ke nan? Don a nan in ba ka zama oga ba, albashinka ya tsaya.

Alhaji Tijjani:
A manyan kamfanoni tsani biyu ne. A Google mai farawa yana matakin da ake kira L3, babban injiniya L5, daga nan ana iya hawa L6 da L7 da sama ba tare da an zama manajan kowa ba, kuma matakan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da na manajoji. Amma kada a ruɗe ka, Umar. Wanda ya hau L6 ta hanyar fasaha ma ba yawan kod ne ya kai shi ba. Aikinsa ya shafi tawaga uku ko huɗu, yana rubuta takardu, yana shawo kan mutanen da ba a ƙarƙashinsa suke ba. Abin da ya tsere wa shi ne lissafin albashi da korar ma'aikaci, ba magana da mutane ba.

A ƙananan kamfanoninmu tsanin ɗaya ne, gaskiya ne. Zaɓin mutum shi ne ya nemi a rubuta matakin fasaha da albashinsa, ko ya nemi aiki daga nesa a inda tsanin yake. Kuma a yi hattara da manyan sunaye. CTO, wato shugaban sashen fasaha, na kamfanin mutum uku, in ya je neman aiki a babban wuri, tambayarsa za a yi mutum nawa ke amfani da abin da ya gina, me ya lalace, ya aka yi.

Abdulrazaƙ Maraɗi:
Shi ya sa kowa ya buɗe fayil ɗaya, duk Juma'a ya sa layi uku. Ba "na yi aiki a kan biyan kuɗi" ba. A rubuta yadda abin yake a da, me aka yi, yadda ya koma, da lamba: gwajin CI yana cin minti kaza, ya koma kaza. Ga jagora kuma lambobin na tawaga ne. Ma'aunai huɗu na DORA, wani shirin bincike kan yadda tawagogin manhaja ke aiki, sun isa: sau nawa ake sakin kod, tsawon lokaci daga rubutawa zuwa saki, kashi nawa na sakin ke jawo matsala, da tsawon lokacin farfaɗowa. A ƙara da wa ya koyi me: a watan Janairu mutum ɗaya ke iya saki, yanzu huɗu. Amma kada a yi amfani da ma'aunan nan wajen gwada Musa da Isa, ranar da aka fara haka za a ga PR ƙanana marasa amfani sun cika wuri.

Sadiq:
Satifiket fa? PMP na sarrafa ayyuka, ko na AWS, wato sashen Amazon mai ba da hayar saba, suna taimakawa?

Hajiya Maryam:
Ya danganta da ƙofar da kake bugawa. Bankuna, hukumomin gwamnati da kamfanonin kwangila suna kallon PMP, kuma mai digiri sai ya nuna wata 36 na jagorantar ayyuka kafin ya zauna jarrabawar. Na AWS yana taimaka wa takardarka ta tsallake tantancewar farko, shekara uku yake yi a sabunta. Kamfanin da ke gina manhajarsa kuwa, a intabiyu za a ce ka zana tsarin da zai ɗauki buƙatu dubu a daƙiƙa, sannan a ce ka faɗi yadda ka warware saɓani tsakanin injiniyoyi biyu. Satifiket ba ya amsa ko ɗaya.

Umar Zariya:
Har yanzu ina nan a kan bakana cewa awa 14 ta yi kaɗan. Ni a ganina a tawagar mutum shida jagora ya riƙe rabin lokacinsa a kod.

Nafisa:
Zai iya, in an cire masa aikin manaja kamar yadda Alhaji ya ce, aka kuma raba duba PR kamar yadda Hajiya ta tsara. Wannan zai dawo masa da awa shida ko bakwai. Sai ya toshe safiya biyu a kalanda, Talata da Alhamis, ƙarfe takwas zuwa sha biyu, ba mitin, waya a kashe sai ta kol. Amma ko a lokacin, ɓangaren biyan kuɗin da kowa ke jira ba nasa ba ne. Sadiq, ka ce wa mutumin ya buɗe jadawalin zangon nan, ya ja layi a ƙarƙashin duk aikin da ke da sunansa wanda wani ke jira, ya miƙa su kafin Litinin, kowanne da zaman awa ɗaya na bayani.